Daga wayar manomi zuwa rumbun wiki: yadda fom ke karɓar fayil, da inda yake ɓata shi

Fom ɗin da ke karɓar suna da lambar waya da ɗan bayani ba ya wahalar da kowa. Ranar da aka ce a ƙara masa gurbin ɗora fayil, ranar ce aiki ke sauya kama. Masu rubuta filogin, wato ƙananan manhajojin da ake jona wa wiki, shafin yanar gizon da mutane da yawa ke rubutawa tare, sun san haka. A fuskar shafi maɓalli ɗaya ne, amma a bayansa akwai burauza, da sabar, wato kwamfutar da wikin ke zaune a kai, da PHP, harshen da aka rubuta wikin da shi, da dokokin wikin kansa. Kowanne da sharaɗinsa, kuma yawancinsu idan sun ƙi abu ba sa faɗin dalili.

Mu ɗauka wata ƙungiyar manoman auduga ce mai ofis a Garwa ta Kamaru, wakilanta suna Pitowa da Lagdo da Gidar. Ana so kowane wakili ya cike fom a wikin ƙungiyar: sunan ƙauye, yawan buhunan takin da aka raba, sannan ya haɗa da hoton rasit. DokuWiki suke amfani da shi, wanda Andreas Gohr ya fara a 2004. Ba ya buƙatar rumbun bayanai na daban, shafukansa fayilolin rubutu ne a cikin folda, shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi masu ƙaramar sabar ke son sa. Lefe-lefe zan riƙa leƙa MediaWiki, wanda Wikipedia ke tafiya a kansa, don kwatanci.

Abin da burauza ke aikawa

A farkon yanar gizo fom ba ya ɗaukar fayil sam. A watan Nuwamba na 1995 ne Ernesto Nebel da Larry Masinter na kamfanin Xerox suka fitar da daftarin ƙa'ida mai lamba RFC 1867, wanda ya kawo gurbin zaɓar fayil da kuma tsarin multipart/form-data. An sabunta shi a 1998, aka sake a 2015 da RFC 7578, amma ginshiƙin bai canja ba. Burauza na yanka saƙon gida-gida, kowane gurbi da nasa kason, ta raba su da wani dogon layin haruffa da ta ƙirƙira wanda ba zai yi karo da abin da ke cikin fayil ba. Kason fayil na ɗauke da sunan gurbin, da sunan fayil, da nau'in da burauza ke zaton shi ne, sai kuma ainihin abin da ke ciki.

Kafin haka ta faru sai fom ya kasance na POST, wato hanyar da ke aika bayanai a cikin jikin saƙo, kuma an rubuta masa enctype="multipart/form-data". Idan aka manta na biyun, burauza ba za ta yi ƙorafi ba. Sunan fayil kawai za ta aika kamar kowane rubutu, hoton ya yi zamansa a waya. Ajin Form na DokuWiki da kansa yake saka POST da wata ɓoyayyar lambar tsaro da ke tafiya tare da fom, amma enctype kai za ka saka. Wanda ya ce fom ɗinsa na aiki amma fayil ba ya isowa, nan ne wurin da zai fara dubawa.

Ƙofofi uku na girma

Hoton rasit ya taso daga Lagdo. Kafin ya iso hannun filogin ɗinka sai ya wuce masu awo, kuma ba su san da juna ba.

Idan nginx ne a gaba, wato manhajar sabar da ke fara karɓar saƙo, iyakarsa ta asali megabait 1 ce kacal, a saitin client_max_body_size. Abin da ya wuce haka ana mayar da shi da lamba 413, PHP ma bai san an zo ba. Idan ya tsallake nan, sai PHP: upload_max_filesize na asali megabait 2 ne ga kowane fayil, post_max_size kuma megabait 8 ga saƙon gaba ɗaya. Waɗannan lambobi sun dace da zamanin da aka yanka su. Yau wayar Tecno ko Itel ta tsaka-tsaki na fitar da hoton da ya haura megabait 2 ba tare da wani ƙoƙari ba.

Bambancin iyakokin PHP biyun nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba iri ɗaya suke faɗuwa ba. Idan fayil ya wuce upload_max_filesize amma saƙon bai kai post_max_size ba, sauran guraben fom suna isowa lafiya, kuma a cikin $_FILES, inda PHP ke ajiye bayanin fayil ɗin da aka ɗora, za ka tarar da lambar kuskure 1. Wannan da sauƙi, kana iya gaya wa mutum hotonsa ya yi girma. Amma idan saƙon ya haura post_max_size, PHP na zubar da komai. $_POST, inda sauran guraben fom ke sauka, fanko, $_FILES ma fanko. Filogin ɗin da ke duba ko an danna maɓallin aikawa zai ga kamar ba a aiko komai ba, sai ya sake nuna fom wayam. Wanda kuma ya fara da duba lambar tsaro zai ce wa wakilin lambarsa ba daidai ba ce, alhali ita ma tana cikin abin da aka zubar. Bawan Allah ya ƙona megansa, ya jira, an ba shi amsar da ba ta da alaƙa da matsalarsa. Gano wannan bai wuce layi uku ba: idan buƙatar POST ce, kuma CONTENT_LENGTH, wato girman saƙon, ya nuna an aiko da kaya, amma $_POST da $_FILES duk babu komai, to girma ne ya yi yawa. Sai a faɗa masa haka, a faɗa masa iyakar.

Sauran lambobin kuskuren ma a karanta su. Lamba 4 na nufin ba a zaɓi fayil ba. Lamba 6 da 7 laifin sabar ne, ko babu foldar wucin gadi ko an kasa rubutu a cikinta, galibi don faifai ya cika. Lamba 3 kuwa tamu ce ta nan arewa: fayil ya iso rabi, rezo ya ɗauke a hanya. Akwai kuma wani ɓoyayyen gurbi da ake kira MAX_FILE_SIZE wanda tsofaffin darussa ke yawan kawowa. A cikin fom yake zaune, kowa na iya canja shi, don haka ba tsaro ba ne.

Zaure

Fayil ɗin da ya wuce awo ba ya shiga wiki kai tsaye. PHP na ajiye shi a foldar wucin gadi da wani suna na kansa, kamar baƙon da aka tsayar a zaure kafin maigida ya fito. Ko dai a yi masa iso zuwa cikin gida, ko a sallame shi daga nan. Da zarar buƙatar ta ƙare, PHP na share duk abin da ba a matsar ba. Aikin filogin kaf a wannan ɗan tsakanin yake.

Baƙon ya zo da bayanai game da kansa: suna da nau'i. Duka biyun daga bakin mai aikowa suka fito, kuma wanda ya iya rubuta buƙata da hannu zai sa abin da ya ga dama. Zai iya kiran fayil ɗin PHP da image/jpeg. Zai iya sa masa suna mai ɗauke da ../../ don ya haura daga foldar da ka tanada ya faɗa inda saitin wiki yake. Sababbin PHP na yanke wannan daga sunan, amma filogin da yawa suna karɓar sunan folda ko sunan da za a ajiye fayil da shi daga wani gurbin fom na daban, kuma can babu mai yanke maka. Akwai kuma dabarar wutsiya biyu, irin rasit.php.jpg, wadda a wasu saitunan Apache, takwarar nginx, kan sa sabar ta gudanar da fayil ɗin a matsayin manhaja. Daga ranar da baƙo ya iya ajiye PHP a inda sabar za ta gudanar da shi, sabar ta zama tasa.

Saboda haka ana duba wutsiyar suna da jerin abin da aka yarda da shi, ba jerin abin da aka hana ba. Jerin hani kullum da abin da aka manta: an hana php, an manta phtml da phar. A DokuWiki jerin yarda yana cikin conf/mime.conf, kuma ƙari ana yin sa ne a mime.local.conf don kada sabuntawa ta goge shi. MediaWiki ya fi tsauri tun daga farko: ɗora fayil a kashe yake sai an kunna $wgEnableUploads, kuma nau'o'in da ya yarda da su na asali hotuna ne kawai, png da gif da jpg da jpeg da webp.

Bayan suna sai a leƙa ciki. Kowane nau'i da alamarsa a farkon fayil: JPEG na farawa da FF D8 FF, PDF da %PDF, shi kuwa ZIP da PK. Aikin finfo ke nan a PHP. Sai dai a san iyakarsa. Takardun docx da xlsx da odt duk ZIP ne a ciki, don haka wani lokaci za a ga finfo ya kira su ZIP. Kuma ana iya haɗa fayil ɗin da farkonsa hoto ne na gaske, can ƙasa kuma an cusa wani abu.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: kada filogin ya rubuta wannan binciken da kansa. Wikin ya riga ya yi. DokuWiki na da media_save(), wanda ke duba izini, da jerin nau'o'i, da batun rubutawa a kan fayil ɗin da ke akwai, ya leƙa bait 256 na farko ko akwai alamun HTML, ya tabbatar hoto hoto ne, sannan ya sanar da sauran filogin cewa sabon fayil ya shigo. MediaWiki na da UploadBase mai irin wannan aiki. Mai kiran move_uploaded_file() kai tsaye zuwa data/media ya tsallake duk wannan, ya kuma tsallake tarihin canje-canje, ga shi idan aka gano wata ɓaraka aka toshe ta a wikin, nasa filogin zai ci gaba da zama a buɗe.

Izinin wa?

A DokuWiki izini hawa-hawa ne: 1 karatu, 2 gyara, 4 ƙirƙirar shafi, 8 ɗora fayil, 16 sharewa. Wanda ke iya ganin fom ba lallai yana da hawa na 8 ba, kuma hawan da ake dubawa na sashen da fayil zai sauka ne, ba na shafin da fom yake ba. Wannan na rikita mutane. Ƙungiyarmu ta Garwa na iya so wakili ya aiko da rasit amma kada ya ga na sauran ƙauyuka. A irin haka filogin kan ajiye fayil da ikon wani asusu na daban, kuma filogin ɗin bureaucracy, wanda aka fi sani wajen haɗa fom a DokuWiki, yana da saitin yin hakan. Halal ne, amma fa daga nan duk wani shinge a hannunka yake: sashe ɗaya tak da aka rubuta a saiti, wanda mai cike fom ba ya iya canjawa, da nau'o'i kaɗan, da iyakar girma.

Lambar tsaron da na ambata, sectok, ita ke hana wani shafi na daban ya yaudari burauzar sakatare ta aika fom da sunansa bai sani ba. Tana da tarko guda. DokuWiki na adana shafin da ya riga ya haɗa don ya yi sauri, to idan fom ya shiga wannan ma'ajiya, lambar mutum na farko ce za a riƙa miƙa wa kowa, fom ya yi ta ƙin mutane. Shafin da ke ɗauke da fom dole a kashe masa wannan adanawa, da nocache() a cikin filogin.

Sunaye irin namu

Darussan da aka rubuta a Turai da Amurka ba sa daɗewa a nan, mu kuwa nan ne muke tuntuɓe. Wakili na iya sa wa fayil suna da Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, ko da Fulatanci mai irin waɗannan haruffa, ko da Faransanci mai é da ç. A Njamena da maƙwabciyarta Kusiri sunan na iya zuwa da Larabci, tunda Larabci harshen hukuma ne a Chadi tare da Faransanci. Aikin cleanID() na DokuWiki ne ya tsabtace suna: ya mayar da haruffa ƙanana, ya cire alamomin da ba a yarda da su ba, kuma a saitin asali ya sauke é ta koma e.

Abin da ya rage a wajen haruffan Ingilishi, DokuWiki a saitin fnencode na asali yana rubuta shi a faifai da alamar kashi cikin ɗari. Harafin ƙ bait biyu ne a UTF-8, sai ya zama %C6%99, wato gurbi shida. Haka kowane harafin Larabci. Yawancin faifan Linux kuwa ba sa karɓar sunan da ya wuce bait 255. Ka raba 255 da shida, ka ga sunan Larabci mai haruffa arba'in da 'yan kai ya cika ma'auni. Dogon taken takarda ya isa ya sa ajiya ta gaza, da saƙon kuskuren da ba zai nuna maka hanya ba.

Ga kuma kishiyar matsalar: sunaye masu kama da juna. Wayoyi na raɗa suna irin ɗaya, mutane kuma na son "rasit.jpg". Na biyu ya iso, ko dai a ƙi shi ko ya danne na farko. Mafita ita ce filogin ya raɗa sunan da kansa, da kwanan wata da sunan ƙauye da 'yan haruffan da ba a iya hasashe, sunan asali kuma a rubuta shi a shafin a matsayin bayani, bayan an tace shi kamar kowane rubutun baƙo.

Fitar da fayil ma aiki ne

An ajiye lafiya, saura ranar da wani zai buɗe. Fayil ɗin HTML ko SVG na iya ɗauke da JavaScript, wato umarnin da burauza ke gudanarwa, kuma idan aka buɗe shi daga adireshin wikin, zai gudana da ikon wanda ya buɗe. Shi ya sa HTML ba ya cikin jerin yarda na DokuWiki, shi ya sa kuma alamar motsin rai a gaban nau'i a mime.conf ke tilasta saukewa maimakon buɗewa a burauza. Wikimedia ma daga wani adireshi na daban take fitar da fayilolinta, upload.wikimedia.org. Ko ƙanƙanta hoto a sabar ba a raina shi ba: a 2016 ɓarakar manhajar sarrafa hoto ta ImageMagick da aka yi wa laƙabi da ImageTragick ta nuna cewa hoton da aka shirya da mugunta na iya sa sabar ta gudanar da umarni.

A DokuWiki kowane fayil na fita ta lib/exe/fetch.php, wanda ke duba izini. Amma wannan na aiki ne idan ba a iya shiga foldar data kai tsaye. Fayil ɗin .htaccess da ke rufe ta Apache ne ke karanta shi, nginx bai san da zamansa ba. A MediaWiki kuwa foldar hotuna a buɗe take ga duk mai adireshin, ko da an kulle shafuka, sai an bi ta img_auth.php. Idan fom ɗinku na karɓar hoton katin ɗan ƙasa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Chadi na da dokar kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru ta kafa tata a Disamba 2024. Kuma hoton waya kan zo da ɓoyayyun bayanai da ake kira EXIF, wani lokaci har da daidai inda aka tsaya aka ɗauke shi.

Megan mai aikowa

Duk abin da ya gabata kare sabar ne daga fayil. Akwai ɓangaren da ba a cika rubutawa ba, na kare mai aikowa daga fom ɗinka, kuma a ganina a nan ake gane wanda ya san mutanen da yake yi wa aiki.

A yi lissafi. Hoto mai megabait 4, a layin da ke aika kilobit 256 a daƙiƙa, zai ci sama da minti biyu, in har rezo bai yanke ba. Idan ya tsaya cak na daƙiƙa 60, nginx a saitin asali zai katse. To a ce hoton ya isa, sai filogin ya ga wakilin ya manta bai rubuta yawan buhuna ba, ya mayar masa da fom. Rubutun ana iya mayar masa a gurabensa, amma gurbin fayil zai dawo fanko, domin burauza ba ta yarda shafi ya cike wannan gurbi da kansa. Da tana yarda, da kowane shafi ya kwashi abin da ke wayarka. Fayil ɗin wucin gadin kuma PHP ya share. Sai a sake ɗorawa daga farko, da megan da mutum ya saya da kuɗinsa. Sau biyu aka yi masa haka zai koma tura hoton ta WhatsApp, wikin ya zama kango.

Gyaran farko mai arha ne: a duba guraben dole da girman fayil tun a burauza, kafin bait ɗaya ya tashi. Binciken sabar na nan daram, wannan ƙari ne don tausayi. Na biyu, a ƙanƙanta hoton a wayar kafin a aika. Rasit mai faɗin ɗigo 1600 ana karanta shi sarai, nauyinsa ya ragu ninki da yawa, kuma sake zana shi a burauza na zubar da EXIF a hanya. Amma a san abin da ake karɓa. Idan wikin na adana tsofaffin rubuce-rubucen ajami ne, kada a taɓa asalin hoton, domin ɗigon da ka zubar wataƙila wasali ne. Aika fayil gunduwa-gunduwa, yadda MediaWiki ke yi wa manyan fayiloli, ya dace da sautin tafsiri ko bidiyo. Ga rasit, wahala ce kawai.

Na uku, idan fayil ya iso lafiya amma wani gurbi ya gaza, a riƙe shi. A matsar da shi wata folda ta jira wadda ba a shiga daga waje, a mayar da fom da rubutun "hotonka ya iso", mutum ya gyara abin da ya rage. MediaWiki na da irin wannan ma'ajiya, UploadStash. Bayan an yi nasara kuma a tura burauza zuwa wani shafi da lamba 303, don kada wanda ya sabunta shafi ya sake aiko da kayan. Masu raunin rezo na danna maɓalli sau biyu ko uku idan sun ji shiru, saboda haka a kashe maɓallin bayan dannawar farko, a nuna musu nawa ya tafi.

Ita foldar jiran tana da sharuɗɗa biyu. Kowane fayil a ɗaure shi da zaman wanda ya aiko shi, yadda wani ba zai canki lambarsa ya ɗauke ba. Sannan a sa aikin da ke share duk abin da ya kwana biyu ba a nema ba, domin fom ɗin da aka fara aka watsar sun fi yadda ake zato yawa, kuma ƙaramar sabar da faifanta ya cika ba ɗora fayil kaɗai take dainawa ba, a DokuWiki har ajiye gyaran shafi sai ya gagara.